Murfin Gora Uku

Shekara talatin da ɗaya na yi ina noman shinkafa kafin fari ya kore ni daga gona. Shekara biyu a jere ruwa ya ɗauke daidai lokacin da shinkafa ta yi ciki, muka yanke kara babu ƙwaya. A ta uku na ce na gaji, na bar wa ƙanena Auta gonar mahaifinmu, na kwaso uwar yarana da yaran muka zo birni. Bayan na sha zaman jira na sami aiki a wata cibiya da ake binciken iri. Aikina auna tukwane ne, shi ya sa kowa a wurin yake ce mini Baba Sikeli, har masu shara, waɗanda ban ga abin da suka fi ni da shi ba.

Ɗakin da nake aiki bango da rufi duk gilashi ne, ga zafi kamar bakin murhu, ga fanka biyu masu ƙara da ba sa tsinana komai. A ciki akwai layi ashirin da huɗu na tukwanen roba, kowane layi tukunya shida, kowane layi kuma irin shinkafarsa daban. An rufe bakin kowace tukunya da leda an ɗaure a gindin shukar, don kada ruwa ya tsere ta ko'ina sai ta ganye. Kullum ƙarfe bakwai na safe nakan ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya, in rubuta nauyin a littafi. Abin da tukunya ta rage daga nauyinta na jiya, shi ne ruwan da ganyenta ya zubar. Aikin ke nan, kuma ban taɓa kuskuren lamba ba.

Mai binciken wata yarinya ce da muke ce wa Dokta, sa'ar 'yata ta fari, mai tafiya da sauri kamar wadda ta bar girki a wuta. Ranar farko na tarar da ita tana shafa wa ganyen shinkafa jan farce marar launi. Na ce a raina, to, birni ke nan, har shinkafa ta waye. Da ya bushe ta ɓamɓaro shi da salatif, ta sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta ce in leƙa. Na leƙa na ga ƙananan bakuna birjik, jere-jere, wasu a buɗe wasu a rufe.

"Ta nan take numfashi, Baba," in ji Dokta, "ta nan kuma take zubar da ruwan da ta sha. Wata bakunanta sun yi yawa, wata ba ta iya rufe su ba. Mai riƙe ruwanta muke nema, wadda ko ruwa ya ɗauke mako uku za ta jira shi."

Na ce, "Dokta, da kin zo shekara biyar baya, da ban bar gida ba."

Ta yi dariya. Ni kuwa ba wasa nake ba.

Da shinkafar ta kusa yin ciki, Dokta ta ɗaura jan ƙyalle a ƙofar ɗakin ta tara mu. Ta ce, "Daga yau zuwa kwana ashirin da ɗaya, ko ɗigo kada ya shiga tukwanen nan. Wadda za ta mutu ta mutu. So muke mu ga wadda za ta tsaya." Na ce to. Baki ne ya ce to, don ban san abin da na amsa ba.

Kujerata tana bakin ƙofa, daf da layi na sha bakwai. Doguwar shinkafa ce mai faffaɗan ganye, kore shar, irin wadda manomi zai gani ransa ya yi fari. Ita ta fara jin jiki. A rana ta biyar, da tsakar rana, ganyenta ya naɗe ya koma kamar tsinken tsintsiya. Wanda bai taɓa noma ba zai ce ganye ne kawai ya naɗe. Ni na san wannan naɗewar. Ita na yi ta tararwa a gonata shekara biyu, ina tsaye ina kallon sama babu gajimare ko na magani.

A rana ta shida na buɗe gorata zan sha ruwa, na kai baki ke nan sai idona ya faɗa kanta. Wallahi kunya na ji. Mahaifinmu ya hore mu tun muna ƙanana cewa manomi ba ya shan ruwa a gaban shukar da ke jin ƙishi, kuma ya taɓa marina a kan haka. Na duba hagu na duba dama, duk sun tafi cin abinci. Murfin gorar tawa babba ne, kusan ƙaramin kofi. Na ɗaga ledar a gindin shukar, na zuba mata murfi uku. Kafin hankalina ya dawo na bi duka shidan. Na mayar da ledar na ɗaure yadda na same ta.

Na ce yau kaɗai. Washegari ma na ce yau kaɗai. Kwana goma sha ɗaya na yi ina faɗin haka.

A lokacin ban ɗauka ɓarna nake ba, tausayi na ɗauka nake yi. Kuma ban rubuta ƙarya ko sau ɗaya ba, abin da sikeli ya ce shi na rubuta. Amma sikeli ba shi da wayo. Ruwan da na zuba da rana shi yake aunawa da safe, sai littafi ya nuna cewa kowa na zubar da ruwa ban da sha bakwai.

Wata safiya Dokta ta faɗo ɗakin da littafin a hannu, tana haki.

"Baba! Ka lura da sha bakwai kuwa?"

Na ce, "Me ta yi?"

"Me ta yi? Dubi na kusa da ita, duk sun ƙone, ita ko a jikinta!" Ta durƙusa gaban tukunyar ta taɓa ganyen a hankali, ta ce da shukar, "Shekara uku ina neman ki."

Nan ne ya kamata in yi magana, kuma na buɗe baki. Sai ta ɗago ido cike da ƙwalla ta ce, "Baba, hannunka yana da albarka." Na haɗiye maganar. Daga ranar ban sake zuba komai ba, don Dokta ta tare a gindin layin, amma kwanakin da suka rage ba su da yawa, abin da na ba ta ya kai ta gaci.

Da ta duba ganyen a madubi ta ce abin ya ba ta mamaki, bakunan sha bakwai ba su da ƙaranci, amma da alama ta iya rufe su ne. Masu ilimi in suna son abu ba sa rasa dalili. Wadda ta zo ta biyu ita ce layi na huɗu, wata gajeriya marar kyan gani mai taurin ganye, can ƙuryar ɗaki, wadda ban taɓa yi wa kallo biyu ba. Aka zuba irinta a ambulan aka jefa a durowa.

Da damina aka shuka sha bakwai a babbar gonar cibiyar don a tara iri. A rayuwata ban taɓa roƙon ruwa kamar na shekarar nan ba, kuma ba don manoma nake roƙo ba, don asirina nake yi. Ruwa kuwa ya sauka yadda ake so. Sha bakwai ta yi zangarniya har tana sunkuyawa, manya suka yi ta zuwa a manyan motoci ana ɗaukar hoto, har ni aka jawo aka tsayar a gefen Dokta. A hoton kowa na dariya, ni kamar wanda aka kama da akuyar mutane.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Duk lokacin da Dokta ta leƙo ta ce, "Baba, zo mana," sai in ce asiri ya tonu, in je in tarar almakashi take nema. Na daina zuwa aiki da gorar, na tura ta ƙarƙashin gado. Abinci ya daina yi mini daɗi, wandona ya fara zamewa, masu shara suka ce ko sabon aure nake shiri. Na yi dariyar yaƙe na wuce.

Abu ɗaya ya rage mini, wato fata. Na ce wa kaina wataƙila shinkafar ta gari ce da gaske, wataƙila ko ban ba ta ruwa ba da ta tsaya. Da rani ya shiga na tsinci 'yan ƙwayoyin sha bakwai a sharar sito, na shuka a tsofaffin bokitan fenti uku a bayan ɗakinmu. Na yi ta ba su ruwa har suka kusa ciki, sannan na ɗauke. Uwar yarana ta ga ikon Allah.

"Malam, wannan wace irin mugunta ce? Ka shuka abu da hannunka ka hana shi ruwa?"

Na ce ta bar ni. Rana ta huɗu na kama ta za ta juye musu ruwan wanke-wanke, na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba a shekara ashirin da shida. Ta ajiye kwanon ta shige ɗaki. Rana ta biyar ganye ya naɗe. Rana ta tara ya ƙone. Rana ta sha biyu na murza shi a tafin hannu ya zama gari. Ko tsohon irin mahaifinmu, wanda muke rainawa, yakan jure fiye da haka ya ba ka rabin abin da ka sa rai.

Na kira uwar yaran bayan ɗaki na gaya mata komai. Ta zauna a kan turmi. Can ta ce, "Ka je ka faɗa mata." Kafin in amsa ta ƙara da cewa, "In sun kore ka, ina muka nufa da yaran nan?" Tsoron da ke cikina shi ke cikinta. Na ce zan nemi lokacin da ya dace. Wata biyu na yi ina neman lokacin, kuma kowace safiya sai in ga gobe ta fi dacewa.

Ana saura 'yan makonni damina ta faɗi, Dokta ta kira ni ofishinta. Rediyo ya riga ya fara cewa bana ruwa zai ɗauke da wuri. Ta juyo mini da wata takarda mai jerin sunaye, ta ce manoma ɗari biyu za a ba buhu ɗai-ɗai na sha bakwai su gwada. Ta ɗora yatsa a saman jerin tana murmushi.

"Ƙauyenku na sa a farko, Baba, ga sunan ƙanenka nan. Ba ni da abin da zan saka maka da shi sai wannan."

Na ce na gode. Na fito na dafa bango.

Ranar Litinin Auta ya bugo mini waya, muryarsa fal murna.

"Yaya, ashe haka ka zama babban mutum ba mu da labari? An zo an rubuta sunayenmu. Na gaya wa kowa irin nan a hannun Yayana ya tashi. Duk gonar zan shuka shi, ba zan bar ko kunya ɗaya ba."

Na ce, "To, tsohon irin fa?"

"Buhu ukun nan na rumbu? Ai ran Juma'a zan kai su injin casa. Yara sun kwana biyu ba su ga shinkafa a kwano ba, ga iri a ajiye suna kallo. Tunda sabo na tafe, su ci abinsu."

Shinkafar da ta shiga injin casa ta tashi daga iri, ko ka shuka ta a bakin kogi ba za ta tsiro ba. Na ce, "Auta, ka ɗan dakata da shi tukuna."

"Don me? Ko ba ka yarda da irin naku ba ne?"

Ga ƙofa Allah Ya buɗe mini, na ƙi shiga. Na ce, "A'a, na yarda. Ajiya dai ba ta ɓaci."

Ya tuntsire da dariya. "Yaya ke nan, har yanzu fari bai sake ka ba." Ya kashe waya.

Na ƙirga a yatsa, Juma'a saura kwana huɗu. Na ce da kaina akwai lokaci. Ran Talata na je har ƙofar Dokta, na ji tana waya da mahaifiyarta tana dariya, tana cewa wahalarta ta biya, na juya da baya. Ran Laraba aka ce kowa ya je sito a fito da buhuna bakin ƙofa, motar da za ta kai su ƙauyuka za ta zo gobe. Kowane buhu da sunan mai shi a jiki. Na ga sunayen mutanen da muka yi wasan ƙasa tare, da na wata gwauruwa mai marayu huɗu da gonarta ke gabas da tamu. Buhun Auta ni na ɗauko shi a kaina na dire. Zufar da na yi ranar ba ta nauyin buhu ba ce.

Ran Alhamis da safe na jawo gorar daga ƙarƙashin gado. Uwar yaran ta gan ta a hannuna, ta gane. Ba ta hana ni ba, ta dai bi ni har bakin ƙofa ta ce, "Allah Ya tsare." Ko da na isa an fara loda mota. Na wuce kai tsaye ofishin Dokta ban ƙwanƙwasa ba, don na san in na tsaya ƙwanƙwasawa zan gudu. Na ajiye gorar a kan teburinta.

"Dokta, sha bakwai ba ta riƙe ruwa. Ni na riƙa ba ta."

Ta dube ni ta dubi gorar, kamar da wani yare na yi magana. Na kwance murfin na nuna mata. Na ce murfi uku kowace tukunya, da tsakar rana, in kowa ya tafi cin abinci.

"Kwana nawa?"

"Sha ɗaya."

"Duka shidan?"

"Duka."

Ta jawo tsohon littafin, mai rubutun hannuna, ta cika murfin da ruwa ta juye a kwalbar awo, ta yi lissafi a gefen takarda. Ina tsaye ina jin ƙarar buhuna suna faɗawa cikin mota. Na gaya mata labarin bokitan fenti, da ranar da suka ƙone. Ta cire tabarau ta ajiye. Da ta yi ihu ko ta zage ni da na ji sauƙi, amma a hankali ta yi maganar.

"Tukunya ɗari da arba'in da huɗu ne a ɗakin nan, Baba. Me ya sa ita?"

Na ce, "Ita ta fi kuka, Dokta."

"Wadda ta fi kuka ai ita ce ta fi zubarwa." Ta buɗe durowa ta lalubo ambulan ɗin layi na huɗu, ta zazzage a tafin hannunta. Bai fi cikin hannu biyu ba. "Wannan ce muke nema. Ba ta roƙe ka ba, shi ya sa ba ka gan ta ba. Da yanzu ita ce a cikin buhunan can. Yanzu kuwa sai an sake gwaji, sai an tara iri, shekara biyu in an yi sauri."

Ta miƙe ta fita da gudu, na ji muryarta a tsakar cibiyar tana ce wa direba a sauke, a sauke duka. Da ta dawo ba ta dube ni ba. Ta ce in jira a waje, maganar aikina ba ita kaɗai za ta yanke ba. Gaskiya a lokacin aikin bai dame ni ba. Wani nauyi ne ya sauka daga ƙirjina, har na ji iska tana shiga. Na ce Alhamdu lillahi, yau Alhamis, na riga Juma'a. Na laluba aljihu na kira Auta.

"Auta, ka ji ni da kyau. Kada ka kai irin nan inji gobe."

"Gobe kuma? Ai jiya na kai, Yaya."

Na ce, "Ba Juma'a ka ce ba?"

"Juma'a na ce. To, sai maƙwabci ya samo mota jiya, muka ce me za mu jira. Mu shida muka haɗa, duk waɗanda aka rubuta sunanmu, har da uwar marayun nan ta gabas da mu."

"Duka ka kai?"

"Duka ukun. Ta fito fara tas, Yaya, ka ga kyanta kuwa? Yanzu haka tukunya na kan wuta. Ba ka jin hayaniyar yara?"

Ina ji. Ina jin ƙaramar 'yarsa tana kiran a zuba mata a babban kwano. Jiya da rana, lokacin da inji ke cinye irin mahaifinmu, ni ina nan da buhun Auta a kaina, bakina a rufe, wayata a aljihu.

"Yaya? Kana ji na? Na ce yaushe motar taku za ta taso? Na riga na gyara gona, ruwan farko kawai nake jira."

A bayana ana ta sauke buhuna ana mayar da su sito, ɗaya bayan ɗaya. Na ga nasa ya wuce a kan wani lebura, sunansa a jiki. Na zauna a ƙasa jikin bangon ɗakin gilashin.

Na ce, "Auta, matsa daga wurin yaran, ka nemi wuri ka zauna. Akwai abin da na yi."